Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya: jira yana cinye masu ciwon daji a Jos

Assalamu alaikum warahmatullah. Mai girma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ranka ya daɗe, barka da aiki, ya ƙoƙari ya jama'a. Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka.

Ni malamar makaranta ce a nan cikin garin Jos, kuma ba da yawun kaina ni kaɗai nake wannan rubutun ba. Mu wasu mata ne da maza 'yan kaɗan da jinya ta haɗa mu, a bencin asibiti muka san juna da layin sayen magani, daga baya muka buɗe guruf a WhatsApp muna taimakon juna da bayani, wa ya san inda ake samun allura kaza da ɗan sauƙi, wa zai iya ba da jini gobe, a wane gari ne na'urar gashi, wato mai gasa ciwon daji da haske, take aiki wannan watan. Akwai 'yan Anguwar Rogo a cikinmu, akwai 'yan Gangare da Rikkos da Nasarawa da Bukuru, Musulmi da Kirista, don wannan ciwon ba ya tambayar mutum inda yake ibada. Wasunmu majinyatansu suna nan ana ta fama, wasunmu kuma mun riga mun kai namu makwanci. Su ne suka ce in rubuta, kuma na karanta musu kafin in saka.

Abin da ya taso da maganar shi ne cibiyar da aka yi mana alkawari. A farkon 2024 gwamnatin tarayya ta sanar cewa za a gina cibiyoyin kula da masu ciwon daji guda 6 a manyan asibitocin koyarwa, Benin, Zariya, Katsina, Enugu, Legas da kuma namu na nan Jos. Ranar da labarin ya fito wallahi a guruf ɗinmu har da masu kuka don murna. A watan Yulin 2025 aka buɗe uku, ta Katsina da ta Enugu da ta Benin, mun taya su murna da zuciya ɗaya don mun san abin da mutanen can suka sha, amma tamu ba ta cikin waɗanda aka buɗe, kuma mu da abin ya shafa kai tsaye babu wanda ya zo ya tsaya gabanmu ya ce ga ranar da za ku fara ganin likita a ciki. Wata uku ko shida a takardar ofis ba komai ba ne. A jikin mace mai sankarar mama kuwa, wata shida shi ne tsakanin a yi aiki a cire ta warke da kuma a ce ku koma gida ku ci gaba da addu'a.

Ranka ya daɗe kai likita ne, ka fi ni sanin abin da zan faɗa nesa ba kusa ba, amma wasiƙar a buɗe take kuma 'yan uwana za su karanta, don haka bari in faɗi yadda likitoci suka fahimtar da mu. Jikin ɗan Adam ƙwayoyin halitta ne ƙanana da ido ba ya gani, kullum wasu suna mutuwa wasu suna rabuwa gida biyu su maye gurbinsu, kuma akwai tsari a cikin kowace ƙwaya da yake ce mata yanzu ki rabu, yanzu ki tsaya, yanzu kin tsufa ki mutu. Idan wannan tsarin ya lalace a cikin ƙwaya ɗaya, ko saboda hayaƙin taba, ko wata ƙwayar cuta, ko guba a abinci, ko gado, ko kuma kawai kuskuren da ake samu wajen rabuwar yayin da shekaru suke ja, sai ta ƙi tsayawa. Ta zama biyu, ta zama huɗu, har ta tara ƙullutu. Ƙullutun nan yana jawo jijiyoyin jini su ciyar da shi, yana kutsawa cikin naman da ke kusa, daga nan wasu ƙwayoyin su ɓalle su bi hanyar kaluluwa ko ta jini su je su sauka a huhu ko hanta ko ƙashi ko ƙwaƙwalwa su kafa sabon gida. Shi ya sa likitoci suke kasa shi mataki 1 zuwa 4. Mu 'yan Jos da muka ga yadda wuta ta cinye babbar kasuwar Taminus a 2002 mun san bambancin wutar da take shago ɗaya da wadda ta riga ta kama rufin gaba ɗaya. A mataki na 1 da na 2 wuƙar likita da magani suna iya gamawa da shi, a na 4 kuwa yawanci sai dai a rage gudu a rage zafi. Kuma shi ciwon ba ya zuwa yajin aiki, ba ya jiran a saki kuɗin kasafi, ba ya jiran a gyara na'ura.

Alƙaluman hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna a 2022 kusan mutum 128,000 ne suka kamu a Najeriya, kusan 80,000 suka rasu. Sankarar mama ce a gaba da mata sama da 32,000 a shekarar, kuma wajen rabin wannan adadin ne suka mutu, alhali a Amurka mata 9 cikin 10 da aka samu da ita suna nan da ransu bayan shekara 5. Ciwo ɗaya ne, jiki iri ɗaya ne. Bambancin su da wuri ake ganowa a fara magani, mu kuwa mafi yawan matanmu sai ya kai mataki na 3 ko na 4 suke isa hannun wanda ya san abin.

Na san abin da ake saurin cewa, wai mutanenmu ne ba sa zuwa asibiti da wuri, sai sun gama yawo wajen masu maganin gargajiya. Akwai gaskiya a ciki ba zan musa ba, har gobe a unguwanninmu ana cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya fusata, ana cewa jifa ne ko sammu, ana ɓoye ƙullutun nono don kunya ko don tsoron kar a cire miji ya juya baya. Amma dan Allah a duba daga ina wannan tsoron ya samo asali. Mace ta ga maƙwabciyarta ta je asibiti a makare, an yanka, bayan wata biyu ta rasu, me kake so ta ɗauka? Ba ta taɓa ganin wadda aka yi wa aiki da wuri ta warke ta dawo ta ci gaba da sana'arta ba, don irin waɗannan ba su da yawa a cikinmu, waɗanda suke akwai ɗin ma ba sa son a sani. Sannan ko wadda ta zo da wuri ɗin, tsarin namu da kansa yake mayar da ita makararriya. Yayata uwa ɗaya uba ɗaya ta ji ɗan ƙullutu a nononta na hagu ko ciwo ba ya yi, ba ta je wajen boka ba, ba ta sha jiƙo ba, asibitin unguwa ta je. Aka ce maruru ne zai fito aka ba ta maganin ƙwayoyin cuta, ta shanye ta koma aka canza mata wani, wani kemis kuma ya ce ta riƙa gasawa da ruwan ɗumi. Sai da hammatarta ta yi kaluluwa fatar wajen ta fara canzawa sannan wata nas mai tsoron Allah ta ce maza ku tafi babban asibiti. Wannan nas ɗin ba ta fi sauran kayan aiki ba, kawai ita an taɓa koya mata alamomin ne. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan har yau, horo na 'yan kwanaki ga ma'aikatan ƙananan asibitoci zai iya sa duk macen da ta zo da ƙullutu a nono, ko jini bayan ta daina al'ada, ko jini bayan saduwa, a tura ta gaba a ranar ba sai an gwada mata magani kala uku ba.

Idan an isa babban asibitin kuma sai a shiga wani sabon jiran. Ba a fara maganin daji sai an ɗebi ɗan nama an kai ɗakin gwaji an duba a tabbatar, wannan daidai ne, amma sakamakon da ya kamata ya fito cikin mako ɗaya ko biyu sai ka ji mutum ya yi wata guda ko fiye yana sintiri, yau a ce sinadarin gwaji ya ƙare, gobe a ce ba wuta, jibi a ce likitan da zai duba shi kaɗai ne aiki ya yi masa yawa. Na mama ma akwai gwaji na biyu da yake nuna wane iri ne, ko mai jin maganin hormon ne irin su tamoxifen ko wanda sai da allura mai tsada irin trastuzumab, kuma sau da yawa sai an aika naman wani gari an biya kuɗi daban. Mu ba ma ganin laifin likitocin, mun ga yadda suke aiki har dare, mun ga wanda ya zaro kuɗin aljihunsa ya cika wa majinyaci. Kai da bakinka ka faɗa cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun nan. Waɗanda suka rage su ne suke ɗauke da mu, kuma masu duba nama a madubin gwaji da masu sarrafa na'urar gashi dama can ba su da yawa.

Sai maganar gashi, wadda ita ce ta fi ci mana tuwo a ƙwarya a nan Filato. Kusan rabin masu ciwon daji suna buƙatar gashi a wani mataki na jinyarsu, kuma ba abu ne na zuwa sau ɗaya ba, ana yi ne kullum Litinin zuwa Juma'a har mako biyar ko shida, na bakin mahaifa ma har da wanda ake sakawa ta ciki kuma ana so a kammala duka cikin kamar mako takwas, in aka yi ta yankewa amfanin yana raguwa don ƙwayoyin suna sake tsirowa a tsakani. To mutumin Jos sai ya ɗauki mara lafiya ya nufi Abuja ko Zariya ko Gombe ko ma Legas. Ka san hanyoyin nan ranka ya daɗe, kai ɗan Misau ne maƙwabcinmu, ka san abin da ake nufi da a sa mace mai ciwo a ƙashin baya cikin motar haya ta bi Hawan Kibo ta Akwanga da Keffi. A je can a tarar da layi na watanni, ko a fara a yi kwana goma na'ura ta tsaya a ce sai injiniya ya zo daga waje. Ga kuɗin ɗaki a Abuja, ga abinci, ga mai jinya da ya bar aikinsa da yaransa a gida. Akwai matar da take cikinmu da ta riƙa kwana a barandar wani masallaci ita da mahaifiyarta don kuɗin da suka zo da shi na gashin ne kaɗai. Akwai waɗanda da aka faɗa musu lissafin kawai suka nannaɗe takardar suka dawo gida, ba su ƙara komawa ba. Kuma fa abin nan ba sabuwar fasaha ba ce da za a ce duniya ba ta gama saninta ba, tun 1895 aka gano hasken eksire kuma shekaru kaɗan bayan nan aka fara gasa ciwon daji da shi, yau sama da shekara 120 ke nan. Jos gari ne da mutanen Bauci da kudancin Kaduna da Nasarawa da Taraba suke zuwa neman lafiya tun zamanin iyayenmu, cibiya ɗaya mai aiki a nan ba Filato kaɗai za ta ceta ba.

Kuɗi kuwa ban ma san ta inda zan fara ba. Kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, ana yin shi ne zagaye zagaye, yawanci duk bayan mako uku, sau shida ko takwas, kuma kafin kowane sai an yi gwajin jini, in jinin ya yi ƙasa sai an ƙara ko an sayi allurar da za ta ɗaga shi. Magungunan nan kusan duk daga waje ake shigo da su, tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashinsu ya tashi ya bar mu a ƙasa, mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000 ne, mai sayar da dankali a Farin Gada ko mai tura baro ma ba shi da albashin. Abin da yake faruwa shi ne a yi zagaye na ɗaya da kuɗin adashi, na biyu a sayar da keken ɗinki, na uku a sayar da fili ko a yi bara a masallaci da coci da Facebook, na huɗu a tsaya. Maganin da aka tsaya a tsakiya kuwa ga wahalar an sha, gashin kai ya zube, an yi amai an rame, ga dukiya ta tafi, ga ciwon ya dawo. Mun san da Asusun Tallafa wa Masu Ciwon Daji da aka fara a 2021 don sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza wato prostate, kuma tunani ne mai kyau Allah ya saka wa waɗanda suka kawo shi. Sai dai da asibitoci 6 aka fara, ɗaya a kowace shiyya, namu na Arewa ta Tsakiya yana Abuja, kuma rajistar ta intanet ce. Tsohuwar da ta fito daga Wase ko Kanam ko Bokkos wadda ko waya mai shafawa ba ta da ita, wa zai cika mata? Da yawa a cikinmu sai bayan sun binne nasu suka fara jin sunan asusun. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ce kowa ya shiga, jiharmu ma tana da tata hukumar ta PLASCHEMA, amma mai katin inshora in aka ce masa daji ne zai gane cewa mafi nauyin kuɗin har yanzu a wuyansa yake.

Akwai inda aka yi abin a yaba kuma zan faɗa. Rigakafin HPV da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a watan Oktoban 2023, ya iso mana Filato a zagaye na biyu a 2024, wannan babban abu ne. Kusan duk sankarar bakin mahaifa wannan ƙwayar cutar ce take kawo ta, wani likita Bajamushe Harald zur Hausen ne ya gano haka har aka ba shi kyautar Nobel a 2008, kuma a 2020 kaɗai mata kusan 12,000 ne suka kamu a ƙasar nan kusan 8,000 suka mutu. Allura ɗaya a dantse tana kare yarinya. Amma ni a makaranta nake, na ga ranar da masu rigakafin suka zo yadda wasu iyaye suka hana yaransu fitowa don wani saƙon murya da ya zagaya cewa allurar hana haihuwa ce. Na zauna da iyaye mata na yi musu bayani wasu sun yarda wasu sun ce sai abin da malam ya ce ko abin da baban yara ya ce. Ranka ya daɗe wannan fagen naka ne, lokacin da kake shugabantar hukumar lafiya a matakin farko kai ne ka jawo sarakunan Arewa cikin yaƙi da shan inna, aka yi ta bi gida gida har aka wayi gari a 2020 aka ce Najeriya ta rabu da ita. Irin wannan aikin muke so a yi wa rigakafin nan, a zauna da limamai da fastoci da masu unguwa da malaman Islamiyya mata, ba a zo mako ɗaya a buga ganga a tafi ba. Sannan iyayen yaran fa, mu da muka wuce shekarun rigakafi? Ciwon nan yana ɗaukar shekara 15 zuwa 20 kafin ya zama daji, duk tsawon lokacin nan ana iya ganin alamarsa da gwaji mai sauƙi na ruwan kal da nas za ta iya yi, a ƙone wajen a ranar mace ta koma gida. Mata masu ɗauke da HIV sun fi sauran haɗarin kamuwa har ninki shida. Amma sai watan Oktoba ko ranar 4 ga Fabrairu ake tunawa da mu, a sa riguna masu ruwan hoda a yi tattaki a ɗauki hoto, sauran watannin ka je asibitin unguwa ka ce gwajin bakin mahaifa kake so a kalle ka.

Maza ma ba su tsira ba, su dai ba sa magana ne. Dattijo zai yi shekara yana fama da fitsari yana tashi sau biyar da dare yana cewa tsufa ne ko sanyi, sai bayansa ya riƙe ƙafa ta daina ɗaukarsa sannan a gano daga mafitsara ya tafi ƙashi. Ga dajin hanta da yake ɗauke mana samari 'yan shekara talatin da wani abu, ciki ya kumbura ido ya yi ɗorawa cikin 'yan watanni a rasa mutum, kuma babban sanadinsa ciwon hanta nau'in B ne wanda yake da rigakafi, yana cikin alluran jarirai tun 2004, ana so a yi ta farko cikin awa 24 da haihuwa, amma matan da suke haihuwa a gida wa yake kai musu? Ga gubar da take fitowa daga hunhunar gyaɗa da masara in ba su bushe da kyau ba, ita ma hanta take ci, kuma mu nan kunun gyaɗa da ƙuli da tuwon masara su ne abincinmu. Ga zabiya da ranar nan take cinye musu fata, man kariya ya fi ƙarfin aljihunsu. Ga yara, wanda muƙamuƙinsa zai kumbura cikin 'yan makonni, irin wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958 kuma yana da alaƙa da yawan zazzaɓin cizon sauro, yana cikin masu saurin girma amma kuma yana cikin masu jin magani in an kama shi da wuri. A ƙasashe masu arziki sama da yara 8 cikin 10 masu daji suna warkewa, a irin namu ba su kai 3 ba. Kuma asusun tallafin da na ambata da manya aka fara shi.

Abu na ƙarshe a koke-kokenmu shi ne wanda ba a son faɗa, zafi. Yayata ta rasu a gida, kuma makonninta na ƙarshe ba na fatan ko maƙiyina ya gani. Ba warkewa muke nema a lokacin ba mun riga mun sallama, so muke kawai ta samu ta yi barci ta iya yin salla ta yi magana da yaranta. Morfin na sha, mai kashe zafi mai tsanani, magani ne mai araha, yana cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya, amma samunsa sai wanda ya san wani. Mun fahimci tsoron da ake yi saboda yadda matasa suke shan tiramadol da kodin, mu ma 'ya'yanmu ne, amma dan Allah kar a hukunta mai mutuwa da laifin wani.

Don haka ga abin da muke roƙo ranka ya daɗe. A fito a faɗa mana da Hausa da Turanci a rediyo matakin da aikin cibiyar Jos yake da watan da za a fara karɓar majinyata, kuma tun yanzu a ɗauki ma'aikatan a tura su horo, a sa hannu a kwangilar gyaran na'ura ta shekaru, a tanadi wutar da ba ta ɗaukewa, don kar a buɗe gini a yanka kyalle sannan a fara neman wanda zai kunna. Kafin nan a yi tsarin da majinyacin da aka tura gashi daga Jos zai san ranarsa tun kafin ya hau mota, a samar masa da wajen kwana kusa da asibitin ko da ɗaki ne na mutum shida. A sa teburin asusun tallafi a cikin asibitocinmu na nan da mutum mai jin Hausa da zai cika wa mutane fom, a faɗaɗa shi ya haɗa da yara da masu dajin hanta da na hanji, kuma a riƙa wallafa nawa aka saki mutum nawa suka amfana. A sa ƙa'idar cewa sakamakon gwajin nama ba zai wuce mako biyu ba, a ba ɗakunan gwajin abin da za su iya cika ƙa'idar. Cibiyar bincike da maganin ciwon daji ta ƙasa, NICRAT, da ke Abuja ta haɗa kai da gwamnatin Filato a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci a ƙananan hukumomi 17 ɗin nan, gwajin mama da na bakin mahaifa ya zama abin da ake yi duk ranar awo. A kafa rajista mai ƙarfi da za ta ƙirga masu daji a jihar nan gari da ƙauye, har da yankunan tsofaffin ramukan kuza inda mutane suke gini da noma a kan ƙasar da aka tono, don a san wane iri ne ya fi yawa kuma a ina. A kawo morfin asibitocin jiha, a koya wa nas nas yadda ake ba da shi da yadda ake zuwa duba mara lafiya a gida.

Mun san duk wannan kuɗi ne, kuma mun san ba kai kaɗai kake yanke kasafi ba. Amma a Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, kuma Najeriya ba ta taɓa kaiwa ko kusa ba, muna roƙonka ka kai wannan maganar gaban shugaban ƙasa da majalisa, su ma 'yan majalisarmu na Filato muna kiran su da su tsaya a kai. In ka shigo Jos duba aikin cibiyar muna roƙon a ware mana ko rabin awa ne mu zo da takardun asibitinmu da rasiɗan magani ka gani da idonka, akwai mata uku a cikinmu yanzu haka da aka rubuta musu gashi suna zaune a gida suna jiran a kira su.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Taka mai girmamawa,
wata malamar makaranta daga Jos, a madadin 'yan uwana masu jinya.